Murhun Da Ya Bushe Kafin A Rufe Kicina

Kasko biyu manya, na kakata. Muciya huɗu. Injin liƙe leda da na ɗauko tun daga Holan. Tukunyar gas. Buhun busasshen barkono, buhun kwakwa, kwandon citta da ganyen kurkum. Sai ni a gaba kusa da direba, waya a cinya.

Abin da a-kori-kurar ta kwaso daga gidanmu ke nan ranar Alhamis da hantsi. Mun wuce masallacin unguwa mun hau babban titin garinmu Payakumbuh, duk ramin da muka faɗa sai kasaken su yi ƙara a baya kamar suna ƙorafi.

Wayar ta yi haske. Uda Afdal ne, mutumin da zan aura. Uda muke ce wa namijin da ya girme mu, kamar a ce Yaya.

"Kun taso? Tun ɗazu mahaifiyata ke leƙen titi."

"Muna hanya."

"Daga yau damuwarki ta ƙare, ƙanwata."

Na tura masa hoton zuciya guda. Da gaske na tura, ku rubuta wannan ku ajiye.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, Wirda sunana. Na yi shekaru a Holan ina karatun sarrafa abinci, na dawo da takarda, da injin nan, da buri ɗaya tak: in dafa rendang irin na kakata a kicin ɗin bayan gidanmu, in liƙe a leda, in sayar ta waya. Naman sa, madarar kwakwa, barkono, wutar itace a hankali tun safe har ya bushe ya yi baƙi. Kafin Sallah oda ta fi ƙarfina. Daga Jakarta ake kira, daga Batam, har 'yan garinmu da ke Malesiya.

Bayan Sallah kaɗan, mutum biyu suka yi sallama daga ofishin tsara gari, cikin kaki, da ladabinsu. Babban ya buɗe min taswirar gari a waya, ya ɗora yatsa.

"Kin ga unguwarku ruwan ɗorawa ce. Ta zama ce. Inda kika ga ja, nan ne wajen kasuwanci."

"To sana'ar gida haramun ce?"

"A'a. In ƙarama ce, kuma maƙwabta sun yarda a rubuce, babu laifi. Amma ke an kawo ƙararki. Hayaƙi, da baburan da ke zuwa ɗaukar kaya."

"Wa ya kawo?"

"Ba ma faɗa."

Ƙaramin ya tambayi lambar harajin sana'ar. Na ce na fara cikewa ta intanet ban ƙarasa ba. Ya ce in aka tabbatar gida ya koma wajen sana'a, ana iya sake duba harajin gidan ma. Amak, mahaifiyata, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Da ta ji an haɗa kalmar haraji da gidan, sai ta nemi bakin tabarma ta zauna.

Gidan nan ba na mutum ɗaya ba ne. Na matan zuri'armu ne. Kakata ta bar wa Amak, Amak za ta bar min, ni in bar wa 'yata in Allah ya ba ni. Maza ba sa gadonsa, in sun yi aure gidan matansu suke tarewa. Haka muka taso muka gani.

Suka liƙa takarda a ƙofar kicin, suka gicciya tef, suka sha shayin da Amak ta kawo, suka tafi.

A ranar da yamma Afdal ya zo da ledar ayaba soyayya. Farar riga, hula baƙa, turaren nan nasa mai sanyi. Ya tsaya gaban tef ɗin ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

"Wallahi mutane ba su da tsoron Allah. Amma kwantar da hankalinki. Shagon mahaifiyata a bakin titi yake, cikin ja. Lasisi akwai, lambar haraji akwai. Ki zo ki dafa a bayan shagon. Ba ki buƙatar sa hannun kowa."

Kawu Bahtiar, yayan Amak, yana wajen. Shi ne babba a kanmu, duk abin da ya shafi gidan nan da aurena sai da bakinsa. Ya buga cinya ya ce, "Kun ji ɗan halak! Tun bai shigo ba ya fara ɗaukar kaya." A zaman nan ya tsayar da ranar Lahadi, cewa danginmu za su je gidansu Afdal neman aurensa. Mu a nan mata ke zuwa neman namiji.

Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Amma na gode masa har zuciya. Wannan mutumin ne ya riƙa hana idonsa barci don ya yi hira da ni lokacin da sanyin Holan ke neman haukata ni. Shi ya ce in dawo, gida ya fi. To ga shi ya sake miƙo hannu. Me ya rage?

Shi ya sa ranar Alhamis nake cikin a-kori-kura da kasaken kakata.

Shagon Hajiya Rosnimar, mahaifiyar Afdal, na soyayyen rogo ne, mai barkono da mara barkono, an jera ledoji har rufi. Hajiya ta rungume ni tana ƙamshin man kwakwa. Amma Uni Desmi, yayar Afdal, ita ta ja hannuna. Uni muke ce wa yaya mace. Doguwar riga ruwan hoda, awarwaron zinare tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu, in ta yi magana su ma sai sun yi.

"Zo ki ga gidan sarautarki, 'yar Turai! Rufe ido."

Ban rufe ba.

Kicin ne sabo fil. Tayil fari, famfo biyu, taga babba. A tsakiya murhu biyu na siminti. A gefe wata kanta da soket a samanta.

Masu sauke kaya suka kinkimo kaskon farko suka ɗora. Ya zauna ɗas. Na biyun ma haka. Ko ɗan rawa bai yi ba.

Ku gane wani abu. Kasaken kakata ba na kasuwa ba ne. Wani maƙeri ne ya zuba mata su tun kafin a haifi Amak, sun fi na yanzu faɗi, gindinsu kuma ya fi zurfi. A gidanmu ma sai da muka sa duwatsu muka tokare su. Na ɗauko injina na ɗora a kantar. Shi ma kamar tela ya auna shi.

Na durƙusa na shafa simintin. A bushe yake ƙamas, har ya yi fari. Na sa farce, bai karce ba. Fentin bango ko wari ba ya yi.

"Uni, yaushe kuka yi wannan aikin?"

"Wannan? Ai tun kafin azumi magina suka tattara kayansu. Afdal ne ya auno kaskon naki da igiya, ranar da ya je ɗanɗana miki nama. Ya ce kada wanda ya faɗa miki, sai dai ki gani da idonki."

Tun kafin azumi. Ni kuwa bayan Sallah aka liƙe min ƙofa.

Na ce wa raina, Wirda, kada ki yi saurin yanke hukunci. Wataƙila fata ya yi. Mutum yana iya gina ɗaki kafin baƙo ya ce zai zo. Ina cikin lallashin kaina Uni Desmi ta ci gaba, awarwaro na taya ta.

"Sunan ma mun zaɓa, Rendang Hajiya Rosnimar. Tunda da lasisinta za a yi, harajin ma da sunanta yake fita, kin ga ba sai an wahalar da ke da hawa benen ofis ba. Ke dai ki dafa kawai. Kin ga Fitri tawa in ta girma ta samu abin riƙewa. Yarinyar nan akwai son kicin, sai kin koya mata sirrin kakar taku."

Fitri. 'Yarta.

Nan lissafin ya fito min sarai. Duk abin da ya tsiro a ƙasar Hajiya Rosnimar, na Desmi ne, bayanta na Fitri. 'Ya'yan da zan haifa wa Afdal zuri'ata za su bi, ba su da ko cokali a wannan shagon. Zan tsaya gaban wuta har bayana ya ranƙwashe, hannun kakata ya koma sunan wata, ya gangara ga jikar wata.

Ana cewa miji a gidan matarsa toka ne a kan kututture, iska kaɗan ta ɗauke shi. Afdal bai so zama toka ba. Sai ya ga ya fi sauƙi ya ciro kututturen ya kai gidan uwarsa.

Na miƙe na karkaɗe gwiwa. Na yi mata murmushin da na koya a wajen Turawa, wanda haƙora kawai ke yi.

"Kai, Uni, na yi mantuwa babba. Kakata ta bar wasiyya, kasaken nan ba sa kwana a wani gida sai bayan an ɗaura auren mai su. Amak ta ce in gwada su kawai in mayar."

"Wace irin wasiyya ce wannan? Ban taɓa ji ba."

"Nima sai jiya na ji."

Wannan kam gaskiya na kusa faɗa, don a lokacin na ƙirƙire ta.

"To injin fa? Shi ma kakar ce ta bar wasiyyarsa?"

"Shi kishi gare shi, ba ya rabuwa da su."

Ta yi dariya ba don ta so ba. Masu kaya suka mayar da komai suna gunaguni. Hajiya ta cusa min ledar rogo biyu ta ce in gaida Amak, sai Lahadi. Har yau ban sani ba ko ta san abin da ɗanta ya yi. Na karɓa na gode.

A hanya saƙo ya shigo.

"Desmi ta ce kin koma da kaya? Lafiya?"

"Al'adar tsofaffi ce, Uda. Kicin ya yi kyau sosai."

"Don ke na yi."

"Na gani."

Zato ba hujja ba ne, wannan ko a makaranta an koya min. Don haka ina sauke kaya ban ko cire mayafi ba na zaga gidan da ke jikin katangar kicina. Etek Nurbaiti, wato Goggo Nurbaiti da yarenmu, tsohuwa, mijinta ya rasu, asma ta sa ta gaba. Na same ta a baranda tana tsince shinkafa, abin shaƙarta a gefe.

"A'a! Yau Holan ce a gidana? Wace iska ta jeho ki?"

"Gaisuwa na zo, Etek."

"Gaisuwa. Wata nawa kina hura wuta a jikin katangata, ƙamshi na hana ni sallah cikin natsuwa, ko loma ba ki miƙo ba. Kakarki kafin ta sauke kasko sai ta zuba na layin nan tukuna. Ke kuwa sai leda, sai babur, sai Jakarta."

Na zauna a dandamali ƙasa da ita.

"Etek, ke kika kai ƙarata?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ni na sa hannu. Hayaƙinki ta tagar ɗakina yake shiga. Akwai ranar da na zaci tafiya ce ta zo."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ke kin tambaye ni kafin ki kunna?"

Kaza ta zo ta tsinci shinkafar da ta zube.

"Wa ya rubuta?"

"Ni na iya irin wannan rubutun? Yaron naki mana. Yaro mai hankali, sau biyu yana kai ni asibiti a motarsa, maganin nan ma shi ya saya. Ya ce ke taurin kai gare ki, in an ce ki tashi ba za ki tashi ba, alhali ga wuri mai kyau an tanadar miki. Ya ce taimakonki za mu yi. Ya je gidan tela, ya je gidan malamin makaranta, duk suka sa hannu. Ya ce mu bar shi a tsakaninmu kada ki ji kunya." Sai yanzu ta ɗago ta dube ni. "Au. Ba ki sani ba."

"Yanzu na sani."

Ban ji zuciyata ta karye ba, masu karatu, kada ku sa ran wannan. Abin da na ji sanyi ne, irin wanda ke shiga yatsu. Na tuna shi tsaye gaban tef yana cewa mutane ba su da tsoron Allah, da ledar ayaba a hannu.

"Etek, in na sa bututun hayaƙi ya wuce rufinki, na mayar da rabin dahuwar kan gas, babura kuma su tsaya a bakin layi, za ki janye? Za ki sa min hannu?"

Ta feshe maganinta ta ja numfashi.

"Ki zo ki tambaye ni yadda ake tambayar mutane. Ba a tsaitsaye ba, ba da waya a hannu ba. Sannan in ji da kunnena in yi tunani."

Washegari Juma'a da safe na saka doguwar rigata ruwan toka na tafi ofishin haraji. Na hau benen da Desmi ke tausaya min hawa. Wata mata mai gilashi ta saurare ni, ta ce ƙaramar sana'a kaso kaɗan take biya daga ciniki, ba abin tsoro ba ne, maganar gida kuma sai an zo an ga iya inda ake aikin.

Na ce, "In na dafa, amma da lambar wata ake biya fa?"

"To sana'ar wata ce. Mu ba ma ganin mai juya muciya. Suna muke gani."

Na ce ta rubuta nawa. Wirda, adireshin gidan Amak. Kafin a kira sallah na fito da lambata.

Bayan an sauko daga masallaci Kawu Bahtiar ya zo da zaninsa mai gidan dara da carbi, zai tsara tafiyar Lahadi. Wa zai shiga wace mota, wa zai yi magana, wace goggo ce ba za a bari ta buɗe baki ba. Amak ta kawo masa kofi. Na bari ya kurɓa sau ɗaya, sannan na zayyana musu komai, tun daga siminti har maganin asma.

Kawu ya ajiye kofi. "To sai me? Namiji ya gina wa matarsa kicin, shi ne laifi? Wasu ko bokiti ba a saya musu."

"Ya sa an rufe nawa, Kawu."

"Dabara ce ta masu so. Ya san halinki. Ke da kin je kin karanto gardama a ƙasar da ba a gaida maƙwabci. Shekarunki nawa yanzu? Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina auren kasko."

"Kawu, kicin ɗin a ƙasar wa yake?"

"Ƙasar uwarsa mana."

"In na mutu, wa zai ci?"

Carbin ya tsaya. Aikin kawu a wajenmu ɗaya ne: ya tsare abin 'yan'uwansa mata kada ya fita daga zuri'a. Shi da kansa ya tsaya a tsakar gida ranar Alhamis yana nuna wa masu kaya yadda za su ɗaure kasaken uwarsa.

Amak ba ta cika magana ba. Tun rasuwar babana ta ƙara yin shiru. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar mukullin kabad. Ta fito da farantin tagulla mai ƙafa, wanda ake jera ganyen sirih a kai, ganyen da muke taunawa kamar goro. Ba a zuwa neman aure sai da shi, ba a zuwa roƙon wata alfarma babba sai da shi. In babu shi a gaba, duk abin da aka faɗa hira ce. Ta ajiye shi a tsakiyar tabarma ta fara goge shi da bakin zaninta.

"Bahtiar," ta ce, ba ta ce Uda ba, karon farko a rayuwata. "Uwarmu ta yi shekara tana tara kuɗin ƙwai kafin a zuba mata kaskon nan. Kai ka ɗora shi a mota."

"Ai ban san..."

"Nima ban sani ba. Na ji an ce haraji na tsorata, na bar 'yata ta kwashe gidan uwata. Yanzu na sani." Ta tura farantin gabana. "Wannan a hannun mata yake. Inda Wirda ta ce a kai shi, nan za a kai."

Kawu ya share goshi. "To shi ke nan, a fasa. Amma a aika musu yau. Sun sayi awaki, sun gayyaci dattawan zuri'arsu, har daga Bukittinggi ake zuwa. A aika a ce an ɗaga."

"Ba za a aika ba," na ce.

"Ke! Kin san abin da kike faɗa? Dattawa su zauna tun safe da rawunansu, abinci ya huce, ba kowa a ƙofa? Yaron nan ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Duk gidan da ya nufa za a ce shi ne wanda aka dafa wa akuya ba a zo ɗauka ba."

"Shi ya aiko min kafin ya turo min masu kaki?"

"Ramuwa ba tarbiyyar gidan nan ba ce."

"Satar kasko fa, ta gidan wa ce?"

"Wirda," in ji Amak a hankali. Amma ba ta ce na yi kuskure ba.

Kawu ya ture kofinsa gefe. Ya ciro wayarsa, ya juya ta, ya duba bayanta kamar yau ya fara ganinta.

"Wayar nan ma kwana biyu tana ba ni wahala," ya ce. "Sai ta ɗauke haka kawai. Bari in kai wa mai gyara. Irin gyaran nan ba ya ƙarewa kafin Litinin."

Ya sa takalmi ya fita bai ƙarasa kofin ba. Ko zai iya riƙe bakinsa a gaban matarsa, wadda ƙawar Hajiya Rosnimar ce tun suna 'yan mata, wannan Allah kaɗai ya sani.

Ranar Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke ganyen sirih, sai na ji motarsa. Na rufe kwanon da faifai, na tare shi a ƙofar gaba. Ya yi aski, ya sa riga ruwan sararin sama, wadda na taɓa ce masa tana yi masa kyau.

"Amarya ba ta barin baƙo ya shiga?"

"Gobe ai mu ne baƙinku. Yau gidan a hargitse yake."

Ya nuna min hoto a waya. Kayan da zai sa, baƙi da zaren zinare. Rumfar da aka kafa a ƙofar shago. Awaki biyu a ɗaure, ɗaya na kallon mai ɗaukar hoton.

"Kin ga wannan? Desmi ta sa masa suna Holan."

Na yi dariya. Wallahi na yi, don abin da dariya. Sannan na ba shi dama ta ƙarshe. Ina so ku shaida na ba shi.

"Uda, abin nan na damuna. Wa kake ganin ya kai ƙarata?"

Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya rage murya, ya nuna katangar da haɓa.

"Wa kuwa in ba tsohuwar nan ba? Nurbaiti. Hassada ce ke cin ta, ba asma ba. Irin su ba sa son ganin yaro ya ci gaba. Ki rabu da ita, kin kusa barin mata layin."

Da ya sunkuyar da kai ya ce, Wirda, ni ne, tsoro na ji kada in zama baƙo a gidanki har in mutu, da wataƙila na aika a sanar da su a daren. Ban ce zan aure shi ba, amma da na bar masa fuskarsa. Sai ya ɗauki laifinsa ya ɗora wa tsohuwar da ke jan numfashi da ƙyar.

"Haka ne," na ce. "Mutane ba su da tsoron Allah."

"Ƙwarai. To ƙarfe nawa za mu sa ido?"

"Ku dai shirya da wuri. Kuma ku dafa da yawa, Uda. Kada abinci ya gaza a gaban dattawa."

"Ko garin nan kuka kwaso ya isa." Ya ja da baya yana murmushi, ya ɗora hannu a ƙirji. "Gobe war haka an ba ki ni."

Ya shiga mota. Na tsaya har ya karya kwana. Wayata ta yi haske tun ƙurarsa ba ta kwanta ba: "Na ƙagu." Ban buɗe ba.

Na tura ƙofar, na ja sakata ta sama, na ja ta ƙasa. Amak na tsaye a bayana da kwanon ganyen a hannu.

"Ina za mu gobe?" ta ce.

"Gidan Etek Nurbaiti da farko. Sai gidan tela, sai na malamin makaranta, sai mai unguwa. Ki sa rigarki ta biki, Amak, a kira su goggo duka, a jera farantin kamar yadda ake yi. Zan zauna a ƙasa in roƙi layin nan izinin hura wuta a gidan uwata, da sunana."

"Su Hajiya fa?"

"Su jira. Ba za mu je ba, kuma ba za mu aika ba."